Shekarar da Inji Ya Shayar da Mu Ruwa

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin zafin da in ka dafa bango da la'asar sai ka janye hannu. Shekaranjiya ina zaune a tsakar gida ina fifita, ga kunu a gabana an rufe da faifai, sai ga jikata Ummi ta zo ta tsaya a kaina, bakinta cike da dabino, tana nuna min wayarta. Wai an kira salla tun ɗazu, kowa ya sha ruwa sai ni. Na ce mata ai ladanan yanzu ne ba su da murya, ga lasifika ga komai amma kamar ana raɗa. Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma ina kurɓar kunun nan zuciyata ta yi baya, shekara talatin da 'yan kai, lokacin da azumi ya taɓa riskar mu a irin wannan zafin.

Ni dai a unguwarmu Sheshe ba wanda yake kirana Binta. Matar mai inji, shi ne sunana tun ranar da aka kawo ni, kuma har yau da na yi jikoki bai bar ni ba. Maigidana Malam Sule, Allah ya jiƙansa, shi ne mai injin niƙa da markaɗe na lungunmu, gado ya yi a wajen mahaifinsa. Injin yana cikin wani ɗan shago da ke tsakanin gidanmu da gidan Hajiya Zuhura, bango ɗaya namu, ɗaya nata. Shagon kuwa na gidan Hajiya ne. Mijinta ne tun yana raye ya ba surukina wurin ya ce ya zauna, da baki kawai, ba takarda, ba shaida sai Allah. To da wannan maganar bakin muke ci muke sha, mu da 'ya'yanmu huɗu.

Baƙin inji ne mai shan gas, da ƙaton wili da ake murɗawa da hannu kafin ya tashi, da duron ruwa a gefensa mai sanyaya shi. In ya tashi, tuf, tuf, tuf, sai ka ji shi a tafin ƙafarka kafin ka ji shi a kunne. Baƙo in ya sauka a lungunmu sai ya yini yana tambaya yaya muke yi da wannan ƙara. Mu kuwa ba ma jin sa sai in ya tsaya. Jariranmu da shi suke barcin rana, yana yin shiru su farka su hau kuka. Mata daga cikin gida mun san muryarsa kamar ta mazajenmu: in ya yi nauyi mu ce wake ake markaɗawa, in ya yi sako-sako mu ce an kai ga tattasai, a ɗora tukunya. Don Malam yana da tsarinsa da ko liman ya zo ba zai sauya masa ba. Gero ne farko saboda kunu da koko, sannan wake na ƙosai da alala, kayan miya su zo ƙarshe don kada yaji ya kama farantin niƙa. Ko da asuba kika aiko da tattasanki, sai ya jira layinsa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya gada tare da injin. Masallacin lungu yana kallon shagon. A wancan lokacin wuta sai ta yi kwana biyu ba ta zo ba, lasifika ta zama ado, ladaninmu Malam Ado da muryarsa tsura yake kira daga kan matakala. Saboda haka da zarar Malam Sule ya hango shi ya hau ya kai hannu kunne da magariba, sai ya kashe injin, ko da kuwa ƙullu na tsaka da zuba, don mutane su ji. Shekara da shekaru haka ake yi. A hankali mu na cikin gida muka daina jiran kiran ma. Inji na yin shiru sai mu ce bismilla.

Shekarar da nake ba da labari, zafi ya yi zafi. Famfo ya ƙafe tun watan azumin tsofaffi. Rijiyar gidan Hajiya, wadda ba a taɓa ganin gindinta ba, sai ka saki guga har ƙarshen igiya ka jawo rabi, rabin ma ja wur, sai an bar shi ya kwanta. 'Yan garuwa suka zama manyan mutane, ana bin su ana gaisarwa. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da goshi. Muna jiƙa zani mu yafa, kafin ka gama sallar azahar ya bushe ƙayau. Randa kanta ruwanta ɗumi yake yi, sai mun naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙara kuwa in wani gida ya samu dunƙule ɗaya, sai a fasa a aika wa gida uku, kowa ya jefa ɗan ƙanƙani a kofi don dai haƙori ya shaida.

Ga shi gas ya yi wuya a gari. Malam sai ya yini a layi da jarka ya dawo da abin da bai kai ya kawo ba. Dole ya daina tayar da inji da safe, ya mayar da aikin duka daga bayan azahar zuwa magariba. Surfe kuma ya ce kowace ta koma turmi. Kai, mun sha aiki! Da hantsi sai mu haɗu a tsakar gidan Hajiya, don nan ne ke da inuwar darbejiya, turmi uku, mu kusan goma, ana karɓa-karɓa. Ka yi luguden gero da bakin azumi, zufa na bin ka har diddige, maƙogwaro kamar an zuba toka, amma hira ba ta yankewa. Tasalla mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ita ce mai ba mu dariya. Takan ce ita azumi bai taɓa ba ta wahala ba, ƙamshin ƙosan da take soya wa mutane ne kawai yake neman kai ta lahira. In an gama surfe a wanke, a jiƙa, a jera kwanuka da bokitai a ƙofar shago tun daga bakin inji har kwanar masallaci, kowace ta san nata ko da murfi iri ɗaya ne.

Hajiya Zuhura tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana kallonmu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, fara sol, jinin Larabawan nan da kakanninsu suka zo fatauci suka zauna a birni. Alkakinta ba wanda ya kama ƙafarsa a unguwar, kuma bakinta ma haka. Sai dai kunnenta ya daɗe da tafiya. In kana son ta ji, sai ka sa bakinka a kunnenta na dama ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a bayan ganuwa. Ladan kam ta yi shekaru ba ta ji shi ba. Amma Allah da ikonsa, bangon ɗakinta shi ne bangon shago. Da la'asar sai ta shimfiɗa buzunta ta jingina bayanta da bangon, carbi a hannu, injin yana buga mata gadon baya. Yana tsayawa ta san rana ta faɗi. Takan ce Sule ne ladaninta, kuma ya fi Malam Ado don shi ba ya tari.

Babban ɗanta Alhaji Bashir, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, mutumin kirki amma injin nan ya tsaya masa a wuya. Ya sayi mota ba shi da inda zai ajiye ta, ga shago a jikin gidansu. Kullum maganarsa ita ce inji ya tsattsaga musu katanga, kuma shi ne ya kashe wa mahaifiyarsa kunne. Sau uku yana kawo mata maganar a tashi Malam Sule, sau uku tana ce masa ba ta ji ba. Ya kuma matsa mata ta bar azumi ta riƙa ciyarwa saboda shekaru. Wannan kam ta ji shi sarai. Ta ce masa shekara ashirin da wani abu ke nan ba ta sha ko ɗaya ba, talatin take yi cur, kuma ba a kan idonsa za ta fara ba. Mun sani, shi ma ya sani, ranar da Hajiya ta cire hannunta daga kan injin nan, washegari mota za ta kwana a wurin.

An ce goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Salla. A cikin goman wuya abin ya faru, ran sha bakwai ga wata, wata Laraba. Tun safe iska ta ɗauke cak, ganyen darbejiya ko motsi. Bayan la'asar sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe gari. Duhu ya yi har kaji suka fara hawa makwancinsu. Yara suna tsalle a lungu, mu kuma muna ta fito da robobi da baho muna jerawa ƙarƙashin indararo, ruwan farko zai sauka.

Ni ce mai kai wa Hajiya kunun tsamiya kullum, ta ƙofar tsakani da ke haɗa gidajenmu. Na shiga na same ta a jikin bangonta. Na ajiye kunu, na tsiyayo mata ruwa daga tulunta, na zauna muna jira. Ba a jima ba inji ya yi shiru. Na dai ji wata ƙara kafin nan, fat, kamar an yarfa bulala, amma wa yake ta wannan? Ga duhu, ga ƙishi. Hajiya ta buɗe ido ta ce bismilla ta jefa dabino. Ni da hannuna na miƙa mata kofi. Ta shanye tas, na ƙara mata. Ni ma na ɗaga nawa na kafa kai, ina jin ruwan nan yana sauka har cikin ƙashina.

Ina ajiye kofi na ji hayaniya a waje. Muryar Malam Ado ce, amma ba kiran salla yake ba, cewa yake kada a sha, kada a sha, da saura. Na leƙo tsakar gida. Hadarin ya tsage ta yamma, ga rana nan ja jawur a kan soron Hajiya, tana kallona.

Ashe bel ɗin da ke juya inji ne ya tsinke ya naɗe wili, Malam ya yi wuf ya kashe inji don kada ya yi ɓarna, bai ma tuna da komai ba sai da ya ga Malam Ado ya zaburo daga alwala. Kafin a bi gida-gida a faɗa, aikin gama ya gama. Mu goma sha ɗaya muka sha, Hajiya ce ta sha biyu. Tasalla an same ta da ƙosai biyu a baki, ta ce tun da ta riga ta tauna ai haɗiyewa ya fi tsafta. Hadarin kuwa da ya jawo mana wannan, ya yi guguwarsa, ya yayyafa ɗigon da bai jiƙa faifai ba, ya wuce abinsa.

Na koma ɗaki na tarar Hajiya ta lumshe ido tana addu'a, alkaki a gabanta. Ba ta ga rana ba, ba ta ji komai ba. Can da Malam Ado ya yi kiran gaskiya, ina ji, ita tana tauna. Ban faɗa mata ba. Na kwashe kwanukana na fita.

Washegari liman ya yi bayani bayan azahar, mazajenmu suka kawo mana. Ya ce ba kaffara tun da ba da gangan ba ne, amma kowace za ta rama kwana ɗaya bayan Salla. Ya kuma ce sabo turken wawa, inji ba ladan ba ne, a riƙa jiran kira. Lungu ya ɗauka, aka yi ta tsokanarmu. Maza suna ce mana 'yan shan ruwan la'asar. In Malam ya kashe inji don ya zuba mai, sai wani ya leƙo ya ce a sha ne ko a dakata.

Malam Sule shi bai ga abin dariya ba. Ya kai bel wajen baduku aka ɗinke, ya dawo ya ce min zai shiga ya faɗa wa Hajiya ya nemi gafara. Ni ce na hana shi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa ya tuna wannan tsohuwa ba abin da take tinƙaho da shi a duniya kamar azuminta, kuma amanar da ta ba shi ita ce kaɗai ta tsare mana wurin nan. In ta ji ladaninta ya shayar da ita ruwa da rana tsaka, ta ce wa Alhaji ya yi abin da ya ga dama, ina za mu kai baƙin inji a wannan marra? Me yaran nan za su ci? Alhaji ya yi tafiya sarin kaya, sai daf da Salla zai dawo, na ce kafin nan magana ta lafa. Malam ya ce to, amma daga ranar bai ƙara cin abincin kirki ba.

Ɓoye wa Hajiya magana ba wuya. A gabanta ma ake zancen, ana daka ana dariya, ita tana murmushi tana tambaya me aka ce, a ce mata zafi ake yi wa tsiya. Duk matan sun goya min baya, don in inji ya bar lungu su ma sai sun tsallaka har unguwar Soron Ɗinki da bokiti. Abin da ya fi ƙarfina shi ne magariba. Kullum in na miƙa mata kofi sai ta sha ta ce Allah ya yi wa Sule albarka, yaron nan bai taɓa saɓa mata ba. Sai in ce amin. Na ji kunya a kwanakin nan irin wadda ban taɓa ji ba.

Ran ashirin da biyar Hajiya ta tashi da zazzaɓi. Na shiga da hantsi na ganta kwance, ta ƙara ƙanƙancewa, leɓenta ya bushe, ta ƙi a ba ta ko magani sai an sha ruwa. Tana ƙirga min da yatsu, saura huɗu ko biyar ta cika na bana ma. Na tsaya ina kallonta, zuciyata tana ce min, Binta, in tsohuwar nan ta tafi a haka, wa zai amsa tambayar kwana ɗayan nan? Da Allah ya sa ta warware bayan kwana biyu, Malam ya ce min shi ya gaji, ko in faɗa ko ya shiga da kansa. Na ce ya bari, ni na miƙa kofin, ni zan faɗa.

Na zaɓi hantsi, lokacin da mata ke dakan shinkafar Salla, ina ganin ƙarar taɓare za ta rufa min asiri. Na durƙusa a gefenta na kai baki kunnenta na faɗa a hankali. Ta ce me? Na ƙara. Ta ce wai wa ya haihu ranar Laraba? Na sake ƙarawa. Ta dube ni ta ce, ke 'yar nan ba ki yi sahur ba ne, buɗe baki ki yi magana. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cika ƙirjina da iska na kwarara:

"Hajiya! Azuminki na ran sha bakwai ya karye! Bel ne ya tsinke, rana ba ta faɗi ba muka sha! Ni na ba ki ruwan, kuma ni na hana Malam ya faɗa miki!"

Taɓare uku suka tsaya a sama. Na tabbata har masu zama a ƙofar masallaci sun ji. Na juyo, sai ga Alhaji Bashir tsaye a bakin zaure da jakarsa a hannu, saukarsa ke nan daga tafiya, ko takalmi bai cire ba. Na ce a raina shi ke nan, mota ta samu ɗaki.

Carbin Hajiya ya tsaya a hannunta. Sannan ta tambaye ni saura kamar yaya rana ta faɗi. Na ce mata kamar a hura wuta a dafa shayi. Ta girgiza kai, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Shi ya sa," in ji ta. "Tun da nake shan ruwa ban taɓa jin mai daɗin na ranar ba."

Mata suka fashe da dariya, ni ma na fara, sai ta kama min wuyan hannu. Hannun tsohuwa, amma sai da na ji shi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Kwana goma, Binta. Da na mutu a zazzaɓin nan fa? Bel ƙarfe da roba ne, bai san Allah ba. Ke kin san shi."

Na yi kuka a wurin, a gaban kowa, ina ta cewa a yafe min.

Alhaji ya matso ya gaishe ta, ya sa baki a kunnenta ya ce ga irin abin da yake faɗa, yanzu ga shi har ibadarta injin ya taɓa, ya isa haka. Wannan karon ba ta ce ba ta ji ba. Ta ce ta ji, kuma ya yi gaskiya, inji ya yi laifi. Sai ta ce masa ya tafi kasuwa, tun da shi mai yawon duniya ne, ya samo mata ladanin da ake ji da gadon baya, ranar da ya kawo shi a ranar Sule zai kwashe kayansa. Kafin nan kuma tana da ramuwa, tana da sittu shawwal, kuma ba za ta ƙara jingina ibadarta da bel ɗin da baduku ya ɗinke ba. Saboda haka ya sayo sabo, ya haɗo da jarkar gas, tun da motarsa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba.

Alhaji ya buɗe baki zai ce motarsa fetur take sha, ya dubi fuskarta, ya fasa. Tasalla ta saki guɗa da bakin azumi har sai da ta ƙware.

Kwana uku bayan Salla muka yi ramuwa, mu goma sha biyu rana ɗaya, duk lungu na cin nama mu muna haɗiyar yawu. Ba wani aikin niƙa a ranar, amma kowace ta aiko da ɗan geronta don kada inji ya yi ta bugawa a banza. Sabon bel yana ta ƙyalli. Kamar da gayya, da la'asar hadari ya sake haɗowa, wannan karon kuwa ya sauka. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika gari, indararo na zuba, robobinmu suka cika suka tumbatsa, yara tsirara a lungu. Aka ce min Alhaji da kansa ya tsaya a ƙofar shago da lema yana duba agogon hannunsa, Malam Sule na kallon Malam Ado, Malam Ado na kallon sama.

Ina gefen Hajiya inji ya tsaya. Na ɗauki kofi zan miƙa, ta ɗaga min hannu. Ta zuba min ido, dabino a tsakanin yatsunta, har sai da muryar Malam Ado ta ratso ruwan ta iso, na gyaɗa mata kai, sannan ta ce bismilla. Daga ranar shaida biyu take karɓa, bango da ni.

Azumi uku ta ƙara yi a duniya, duka talatin-talatin. Bayan rasuwarta Alhaji bai sake tayar da maganar shago ba, ya ce ba zai iya rushe bangon da ta jingina ba, motar ta ci gaba da kwana a gidan abokinsa. Malam Sule kuma har ya koma ga Allah bai fasa kashe inji da magariba ba, ko da aka samu lasifika huɗu a kan masallaci. Yanzu ɗanmu Nasiru ne a shagon. Ya sa na lantarki, wani ɗan abu mai kukan sauro da ba ya girgiza ko ƙofa. Baƙin injin yana nan a kusurwa, sai an ɗauke wuta ake tuna da shi.

Jiya da safe Nasiru ya shigo gaishe ni. Na lura ya tsuguna ta damana, ya kai bakinsa kusa, yana magana da ƙarfi, kuma na lura ba jiya ya fara ba. Ashe ladanan ba su da laifi. Na ce masa daga yau har Salla, in la'asar ta yi ya tayar min da baƙin injin ubansa, ko da wuta ko babu, kada ya kashe sai an hau kira. Ya ce gas ya yi tsada, Inna. Na ce ban ji ba.

Yau na sa an shimfiɗa min tabarma a jikin bangon shago, yana nan yana buga min baya, tuf, tuf, tuf. Na zaunar da Ummi kusa da ni da kofi a hannu. Na ce mata in ya yi shiru kada ta miƙo sai ta ji ladan da kunnenta, kuma duk abin da ya faru ta faɗa min a ranar, ko da sai duk Sheshe sun ji.